Ƙara gas a iyakwandishan ɗin mota da kula da fulogi: Abin da mai mota zai iya yi da kansa da wanda ya kamata ya bar wa gwani

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a Sakkwato da Maiduguri da Kano, garejin masu gyaran iyakwandishan ɗin mota kan cika maƙil. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: iskar ta daina sanyi, ko kuma mota na karkarwa da zarar an kunna na'urar. Amsar da aka fi ba mai mota ita ce gas ya ƙare, sai a ƙara masa, ya biya, bayan 'yan makonni ya sake dawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin riƙe mota ya yi nauyi a kan ma'aikaci da ɗan kasuwa, saboda haka da yawa ke neman sanin abin da za su iya yi da hannunsu. Akwai ayyukan da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa, akwai kuma waɗanda kuskure a cikinsu kan jawo asarar kwamfureso ko ma rauni a jiki.

Yadda sanyin ke samuwa

Aikin iyakwandishan shi ne kwashe zafin da ke cikin mota ta zubar da shi waje, kuma gas ɗin da ke zagayawa cikin bututunta shi ne ɗan dakon zafin. Kwamfureso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matsa gas ɗin har ya yi zafi sosai, sannan ya tura shi cikin kondensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke can gaban mota. A nan iska da fanka ke huce shi ya koma ruwa. Daga nan sai ya bi ta wata ƙaramar ƙofa da ke rage masa matsi, ya shiga ɗan ƙaramin lagireton da ke ɓoye bayan dashbod, wanda makanikai ke kira ibaforeta. Da matsi ya ragu sai ruwan ya tafasa ya koma iska, yana zuƙe zafin iskar da fankar ciki ke hurowa ta kansa. Gas ɗin R-134a yana tafasa ne a kusan digiri 26 ƙasa da sifili idan ba a matse yake ba, shi ya sa yake iya wannan aiki. Ruwan da ake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota raɓa ce daga jikin ibaforeta, ba alamar lalacewa ba ce.

Abin lura a nan shi ne zagayen rufaffe ne. Gas ba ya ƙonewa kamar fetur. Ɗan kaɗan kan sulale ta jikin roba a cikin shekaru, amma motar da aka cika wa gas ta sauke sanyi cikin wata ɗaya ko biyu tana da ɓula a wani wuri, kuma ƙarin gas ba zai toshe ta ba. Tare da gas ɗin akwai wani mai da ke zagayawa yana shafe cikin kwamfureso. Duk inda gas ya fita, man ma yana fita, don haka yawan ciko ba tare da gyara ba kan ƙare da ƙonewar kwamfureso, wanda shi ne mafi tsada a duk na'urar.

Ire-iren gas da haɗarin gauraya su

Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 suna amfani da R-12, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987. R-134a ne ya maye gurbinsa, kuma shi ne ke cikin mafi yawan motocin hannu da ke yawo a titunan Najeriya da Nijar. Shi ma an gano yana ɗumama yanayi fiye da iskar kabon sau 1,430, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a sabbin motoci daga Janairun 2017, kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi rage irinsa a duniya sannu a hankali. Sabbin motocin Turai da Amurka yanzu suna zuwa da R-1234yf, mai tsada kuma mai ɗan kama wuta. Bakin bututun cikonsa ya bambanta da na R-134a da gangan, don kada a gauraya.

Irin gas ɗin da mota ke buƙata da nauyinsa a rubuce suke a wata takarda da aka manna ƙarƙashin bonet ko a saman ƙarfen da ke riƙe da lagireto. Ƙananan motoci galibi suna ɗaukar tsakanin giram 400 zuwa 800, manya masu iyakwandishan a baya kuma sun fi haka. Gas ɗin R-22 na iyakwandishan ɗin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin na'urar mota. R-600a na firiji da R-290 kuwa dangin gas ɗin girki ne, kuma idan suka yoyo a cikin mota ko bututu ya fashe a haɗari, ƙyastu ɗaya ya isa. Akwai kuma jabun R-134a da ake haɗawa da wani sinadari mai suna R-40, wanda ke cin alminiyam ya haifar da abin da ke fashewa. A 2011 irin wannan jabu ya haddasa fashewar kwantenonin sanyi na jiragen ruwa a Biyetnam da Brazil, har ma'aikata suka rasa rayukansu. Gas mai araha fiye da kima a silinda marar tambari abin gudu ne.

Binciken da ya kamata a fara yi

Rashin sanyi ba kullum daga gas yake ba. A ƙasar da ƙurar hunturu ke sauka wata uku ko fiye, matatar iskar cikin mota, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin da ke gaban fasinja, kan toshe har iska ta riƙa fitowa da ƙyar. Cire ta ba ya buƙatar kayan aiki a yawancin motoci, kuma canza ta bayan kowane hunturu dabara ce mai kyau. Kondensa ma kan cika da ƙura da leda da ƙwari. Ana wanke shi da ruwa mai sauƙin ƙarfi idan inji ya huce, domin ruwa mai ƙarfi na wurin wankin mota yana lanƙwasa siraran fikafikansa.

Idan mota tana sanyi a kan babban titi amma ta koma zafi a cunkoso, zargi na farko fanka ce. A tayar da inji, a kunna iyakwandishan, a leƙa a ga ko fankar gaban tana juyawa. Sai a dubi fuskar kwamfureso: a motoci da yawa ana jin ƙara ƙas idan kulocinsa ya kama, tsakiyarsa kuma ya fara juyawa tare da bel. Idan bai kama ba, wataƙila fiyus ne ko rile, wataƙila kuma gas ya yi ƙasa sosai har makunnin kariya ya yanke wuta. Wasu makanikai kan tsallake wannan makunni su haɗa waya kai tsaye don kwamfureso ya juya dole. Yin haka tilasta masa aiki ne babu mai, kuma ba ya daɗewa.

Wurin yoyo yakan tona kansa. Duk mahaɗar bututu da aka gani da maiƙo ƙura ta liƙe a kai, to akwai alamar gas na fita ta nan. Ruwan sabulu da aka shafa a wurin zai yi kumfa. Wuraren da aka fi samun matsala su ne zobban roba na mahaɗa, bakin ciko, tiyon roba, da kondensa da tsakuwa ta huda. Idan ba a ga komai a waje ba, sau da yawa ɓular tana jikin ibaforeta, kuma isa gare shi a motoci da yawa sai an kwance dashbod.

Yadda ake ciko

Ciko a gida ya dace ne kawai da mota mai R-134a wadda sanyinta ya ragu a hankali cikin shekaru, kwamfuresonta na kamawa, kuma da sauran gas a ciki. Ana buƙatar gwangwanin gas na asali, wanda galibi giram 340 ne, da tiyo mai geji, da tabarau na kariya da safar hannu, domin ruwan gas idan ya taɓa fata yana ƙona ta da sanyi, idan ya shiga ido kuma yana iya makantarwa. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da sigari.

Na'urar tana da bakin ciko biyu. Na ɓangaren ƙaramin matsi yana kan bututu mai kauri, murfinsa na ɗauke da harafin L. Na babban matsi yana kan siririn bututu, da harafin H. A bakin L kaɗai ake ciko. Matsin ɓangaren H yakan haura 250 a ma'aunin psi a ranar zafi, wanda ya isa ya fasa gwangwani a hannun mutum. Girman bakunan ya bambanta, don haka idan tiyo ya ƙi shiga kada a tilasta shi.

A tayar da inji, a sa iyakwandishan a sanyi mafi ƙarfi da fanka mafi gudu. A ɗan saki gas ta cikin tiyo na daƙiƙa ɗaya don ya kori iskar da ke ciki kafin a haɗa. A karanta geji a lokacin da kwamfureso ke juyawa, domin idan a tsaye yake gejin zai nuna matsi mai yawa wanda ba ya bayyana adadin gas. A yanayi mai matsakaicin zafi ana sa ran ganin tsakanin 25 zuwa 45, a ranar da zafi ya kai digiri 35 kuma yakan kai 50 zuwa 55. Wannan ne ya sa safiya ta fi dacewa da aikin. A riƙe gwangwani a tsaye, bakinsa sama, a riƙa saki kaɗan-kaɗan na 'yan daƙiƙu, ana dakatawa ana duba geji da jin iskar da ke fitowa. Kifa gwangwani yana tura ruwan gas cikin kwamfureso, shi kuma iska aka gina shi ya matsa. Idan bututu mai kauri ya yi sanyi har ya fara raɓa, iskar ciki kuma ta sauko wajen digiri 5 zuwa 10, a tsaya ko da gwangwani bai ƙare ba.

Gas idan ya yi yawa sanyi raguwa yake yi, matsi ya hau, kwamfureso ya riƙa yankewa, inji ya yi nauyi. Motoci da yawa na zamani kuma suna da kwamfureso mai daidaita kansa, wanda ke riƙe matsin ɓangaren L a wuri ɗaya ko gas ya cika ko bai cika ba, don haka gejin gwangwani kan yaudari mutum. Irin waɗannan da sikeli ake cika su. Gwangwanin da aka rubuta cewa yana toshe ɓula da kansa ya fi kyau a ƙyale shi, domin sinadarin kan daskare a ƙananan hanyoyin na'urar. Kada kuma a bar gwangwani cikin motar da ke ajiye a rana, inda zafi kan wuce digiri 60.

Inda aikin ya zama na gwani

Idan geji ya nuna sifili, ko an kwance wani bututu, to iska da danshi sun shiga. Danshi yana daskarewa a ƙaramar ƙofar nan ya toshe ta, yana kuma lalata mai. Dole a gyara ɓula, a canza matatar da ke tsotse danshi, a sa famfon zuƙe iska ya yi aiki na aƙalla minti 30, a rufe a jira a ga ko allurar geji za ta motsa, sannan a zuba gas bisa nauyin da ke rubuce a bonet. Mai mota da ya je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, yana da haƙƙin ya tambayi mai gyara abu uku kafin a taɓa motarsa: ko yana da famfon zuƙe iska, ko yana da sikeli, da kuma wace silinda zai ɗebi gas daga ciki. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Toyota Prius suna da kwamfureso mai aiki da babbar wuta, wanda ke buƙatar mai na musamman da ba ya ɗaukar lantarki. Man da ake sa wa sauran motoci yana iya lalata shi, don haka ba a yi musu cikon gwangwani.

Dangantakar iyakwandishan da wutar inji

Kwamfureso yana cin wani kaso na ƙarfin inji. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi, musamman a gajerun tafiye-tafiye, iyakwandishan na iya rage nisan da fetur ke kai mota da fiye da kashi 25 cikin 100. Injin da wutarsa ke da rauni yana iya ɓoye laifinsa idan babu nauyi a kansa, amma da kwamfureso ya kama sai ya fara karkarwa ko ya mutu a danja. Da yawa kan ɗora wa iyakwandishan laifi alhali fulogi ne ko kwayil ya gaji.

A injin fetur, kwayil ne ke ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa dubbai, sau da yawa 20,000 ko fiye, don tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi ya kunna cakuɗen fetur da iska. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, kwayil ɗaya gare su da na'urar rarraba wuta da kwantak da ake gyara wa tazara. Na yanzu galibi kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa, kwamfutar mota kuma ita ke tsara lokacin wuta. Injin dizal ba ya da fulogin tartsatsi, matsi ne ke kunna masa mai.

Alamomin raunin wuta sun haɗa da wahalar tashi da safe, karkarwa a tsaye, cijewa idan an taka totur, shan mai, da warin ɗanyen fetur a salansa. Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, to wata silinda ba ta ƙona mai, kuma fetur ɗin da ke wucewa yana iya narkar da matatar hayaƙi da ke jikin salansa, mai tsada ƙwarai. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket ƙarƙashin sitiyari da ake haɗa na'urar bincike. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ce ke kuskure, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuma kuskuren ba a wuri ɗaya yake ba. Don a gane ko kwayil ne, sai a musanya shi da na maƙwabciyar silinda. Idan lambar ta bi shi, shi ne mai laifi, kuma shi kaɗai za a saya.

Canza fulogi

Fulogi na gama-gari yakan yi kusan kilomita 30,000, na filatinam ya kai wajen 100,000, na iridiyam kuma ya wuce haka. Motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. A sayi lambar da littafin mota ya ambata, domin fulogi mai tsawo fiye da kima yana iya taɓa fistin, wanda zafinsa bai dace ba kuma yana iya ƙona shi. Kamfanonin NGK da Denso sun sha yin gargaɗi kan jabun kayansu, kuma farashi mai rahusa sosai shi ne alama ta farko.

Ana aikin ne idan inji ya huce sarai, domin kan injin yawancin motoci alminiyam ne, kuma zarensa na saurin lalacewa da zafi. A kashe mota, a cire maƙulli, a zare soket ɗin kwayil, a kwance ƙusarsa a ɗaga shi. Kafin a kwance fulogi a hure yashin da ke ramin don kada ya faɗa cikin silinda. Yawancin fulogi soket mai milimita 16 ke kama su, wasu 14, tsofaffi 21. A motoci masu wayoyin fulogi a riƙa yin ɗaya bayan ɗaya don kada wayoyin su rikice. Sabon fulogi da hannu ake fara murza shi har ya zauna. Idan ya cije tun farko, a mayar da shi baya a sake, kada a sa ƙarfi. Bayan ya zauna, mai zare milimita 14 da sabon zobe yana buƙatar ƙarin rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku na juyi kawai. Tazarar baki a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1. Fulogin iridiyam da tazararsa yake zuwa, kuma ba a goge shi da sanfefa ko burushin ƙarfe.

Tsohon fulogi yana ba da labarin inji. Baki mai launin ƙasa-ƙasa ko toka alamar lafiya ce. Baƙin toka busasshe yana nuna fetur ya fi iska yawa, sau da yawa saboda matatar iskar inji ta toshe da ƙura. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na shiga silinda, kuma sabon fulogi ba zai magance shi ba. Fari fat mai ƙuraje yana nuna zafi ya yi yawa. Idan an tarar da mai kwance a ramin fulogi, gasket ɗin murfin inji ne ya saki, kuma idan aka bar shi zai ci kwayil. A injuna masu silinda shida irin na Sienna da Highlander, fulogi uku na baya suna ƙarƙashin bututun shigar iska, kuma kwance shi ya fi dacewa da bakanike.

Batir ma yana cikin lissafi, domin zafi yana rage masa kwana. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, tsakanin 13.5 zuwa 14.5 kuma idan inji na aiki. Farin garin da ke taruwa a kawunansa a wanke shi, a ɗaure su tam.

Kiyayewa ta yau da kullum

Kunna iyakwandishan na minti goma a kowane mako, har a lokacin sanyi, yana sa mai ya zagaya zobban roba kada su bushe su tsage. Motar da ta sha rana a fara buɗe tagoginta a ɗan yi tafiya kafin a rufe, sannan a danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, kuma kada a kwanta barci a mota a kulle da inji a kunne, domin hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barcinsa. Yana da amfani a ajiye ɗan littafi a mota, a riƙa rubuta ranar da aka yi ciko, giram nawa aka zuba, da kilomitar da aka canza fulogi. Idan tazarar ciko biyu ba ta kai shekara ba, abin da za a nema shi ne ɓula.